Littafin Soshiyal na bana: sabon ciki ne ko sabon bango?

Malama Mai Soshiyal:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Shugaban makarantarmu ya ɗora mini nauyin zaɓen littafin Soshiyal da za a sa a jerin littattafan 'yan ƙaramar sakandare na shekarar karatu mai zuwa. Kun san tun watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhaja: an rage yawan darussa, an gwama Soshiyal da Sibik sun zama darasi ɗaya na zamantakewa da zama ɗan ƙasa, Tarihin Nijeriya kuma ya tsaya da ƙafarsa tun daga firamare 1 har ƙaramar sakandare 3. Bara haka muka lallaɓa da tsofaffin littattafai. Bana kamfanoni uku sun aiko wakilansu da samfuri, kowanne an buga masa a bango cewa sabon bugu ne, daidai da sabuwar manhaja.

Ranar Juma'a na kwaso su na taho gida. Bayan isha'i, da yara suka yi barci, na shimfiɗa tabarma na ɗauko littafin da na shekara 6 ina koyarwa da shi, na jera su ina buɗawa shafi da shafi. Na farkon, in ka cire bango da gabatarwa, littafina ne na da, ba ƙari ba ragi. Har kuskuren da na zagaye da jan biro tun tuni, inda aka ba jihar Kebbi Gusau a matsayin babban birni, yana nan daram. Na biyun an ɗan taɓa shi, amma a shafin alamomin ƙasa, taken ƙasar da aka daina rerawa tun watan Mayun 2024 ne a ciki. Na ukun ya fi su ciki nesa ba kusa ba, sai dai ya fi su tsada, kuma ƙarshen kowane babi akwai layukan da yaro zai cike da biro, wato ƙanensa ba zai gaje shi ba.

Ran Litinin ake jiran amsata. Me kuke dubawa in za ku zaɓi littafi?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika buɗe cikin littafin. Shekara 35 na yi a aikin nan, rabinsu a kujerar shugaban makaranta, kuma sau da yawa na ga an zaɓi littafi a ofis ba a ko cire ledarsa ba.

Kafin komai, ki rage wa kanki kaya. Sabuwar manhajar ba a ce kowane aji ya ɗauke ta rana ɗaya ba. An fara ne da 'yan firamare 1 da 4, da ƙaramar sakandare 1, da babbar sakandare 1, su tafi da ita har su gama. Saboda haka 'yan aji 3 naki da tsohuwar za su ƙarasa, kada a sa iyayensu sayen komai.

Sannan ki nemi kwafin manhajar kanta daga NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ki ajiye ta gefen hagu, littafin a dama. Manhaja ita ce uwa, littafi ɗan rakiya ne. Batun da manhaja ta ce a koyar, littafin bai kawo ba, ki sa alama.

Game da gane ko da gaske an sabunta, ni dabarata ba ta cin minti 10. Nakan nufi wuraren da na san duniya ta motsa. ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙasashe nawa ya ce? In ya ce 15, ya tsaya kafin Janairun 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, yanzu 12 ne. Shekara nawa ya ce mutum zai kai ya tsaya takarar shugaban ƙasa? In ya ce 40, bai ji labarin gyaran 2018 ba, da aka mayar da ita 35, ta majalisar wakilai da ta jiha kuma daga 30 zuwa 25. Ki duba ko har yanzu yana kiran hukumar gidajen yari da tsohon sunanta, bayan tun 2019 ta koma hukumar gyaran hali. Ki duba taswirar Afirka ko Sudan ta Kudu na ciki, ƙasar da ta samu 'yanci tun 2011. Kada ki yi mamaki, na taɓa ganin wanda ba ta ciki, kuma da tambarin sabon bugu a goshinsa.

Malamin Jibiya:
Baba, ranka ya daɗe, wannan batu na ECOWAS a gabana ya faru. Mu nan bakin iyaka muke, rabin ajina kakanninsu ko ƙannen iyayensu suna Maraɗi da Ɗan Isa. Ina karanta musu daga littafi cewa ƙungiyar tana da ƙasashe 15, har da Nijar, sai wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, Malam, ai Nijar ta fita, kawuna direba ne, watanni ya yi bai yi lodi ba lokacin da aka rufe boda. Maganar rufe bodar 2023 yake yi, bayan juyin mulkin Nijar. Ajin ya yi tsit, ana jira a ga wa zai gaskata, littafi ko yaro.

Na rufe littafin na ce shi ke da gaskiya. Ranar ba mu koma shafin ba. Yaran da kansu suka ba ni labarin yadda albasa da shinkafa suka yi tsada, da yadda aka riƙa bi ta daji a kan babur. Ban taɓa yin darasin da suka fahimci ma'anar iyaka da cinikin ƙasa da ƙasa kamar na ranar ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a ce na dage kan littafin, yaron nan ya gama yanke hukunci ke nan cewa abin da ake koya a makaranta daban, abin da ke faruwa daban.

Alhaji Mai Shagon Littattafai:
Malamai ku yi mini afuwa, ni ba malami ba ne, amma shekara 20 ina sayar da littattafan makaranta, bari in faɗi ta ɓangaren masu bugawa. An sanar da manhaja a watan Satumba, daidai lokacin da yara ke komawa makaranta. Littafin kirki ba a rubuta shi a wata biyu. Sai an nemo marubuta, an gyara, an zana hotuna, an kai NERDC ta tantance, sannan a buga. Takarda da tawada kuma da dala ake shigo da su. Kamfanin da ya tsaya yin aiki tsakani da Allah, kafin ya fito, wanda ya canza bango kawai ya riga ya cinye kasuwa.

Ba kare masu canza bango nake ba, ha'inci ne. Amma mu ma mu dubi kanmu. Littafi mai kyau in ya fito, ba ya wata uku sai jabunsa ya cika kasuwa a rabin kuɗi, takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, taswira duk ta dusashe ba ka bambance Binuwai da Neja. Iyaye su saya don sauƙi, kamfanin da ya sha wahala ya tashi a tutar babu. Malama, in kin zaɓa, ki nemi wakilin ya kawo wa makaranta kai tsaye da rasit. Kuma ki ce ya nuna miki takardar amincewar NERDC ta wannan bugun, ba ta bugun baya ba. Nan ne da yawa suke fara kame-kame.

Malamin Jibiya:
Alhaji ka bar ɗaya. Kamasho.

Alhaji Mai Shagon Littattafai:
Na bar shi ne don kunya, Malam. Amma tunda ka faɗa, haka ne. Akwai makarantun da kason da za a ba ofis ne ke zaɓen littafi, ba malamin darasi ba. Kuma a kan iyaye ake ɗora shi.

Maman Ummi:
To bari iyayen su yi magana. 'Ya'yana huɗu a makaranta, uku a jere suke, aji 1, aji 2 da aji 3. Lokacinmu littafin Soshiyal ɗaya muka yi amfani da shi mu biyar a gidanmu, yayarmu ta lulluɓe shi da takardar buhun siminti, sunayenmu a jere a shafin farko, kowa ya soke na gabansa ya rubuta nasa. Yanzu kowane Satumba sai na sayi sabo, don an cike na bara da biro, ko a ce bugun ya canza. In na jera su ba na ganin bambanci sai launi.

Malama, na roƙe ki da girman Allah, kada ki zaɓi wanda ake rubutu a ciki. Albashin maigidan nan bai kai tsakiyar wata ba. A farkon 2026 ma na ji a rediyo gwamnatin tarayya ta ce a koma littattafan da za su yi shekara 4 zuwa 6 ana amfani da su, a daina haɗa littafin karatu da na aikin cikewa. Ban ga alamar an fara bi ba a makarantar yarana.

Malama Mai Soshiyal:
Maman Ummi, ni ma uwa ce, na ji ki har cikin raina. Matsalar ita ce wanda ake cikewar shi ne mai gaskiya a ciki. Sauran biyun ana iya gadonsu, amma kuskure za a gada.

Baba Mai Ritaya:
Layi a cikin littafi ba umarni ba ne, 'yata. Malami ne ke cewa a cike ko kada a cike. Ki kafa doka daga ranar farko: amsa a littafin rubutu, wanda ya sa biro a littafin karatu ba za a yi masa maki ba. Ki sa shugaban makaranta ya faɗa a taron iyaye don kowa ya shaida.

Malamin Tarihi:
Ni damuwata ta wuce ƙididdiga. Lamba in ta tsufa, alli ya ishe ka gyara ta a allo. Abin da alli ba ya gyarawa shi ne littafin da yaro zai karanta daga farko har ƙarshe bai ga kansa a ciki ba.

Ku tuna an cire Tarihi daga manhajar matakin farko wajen 2009, aka ce an zuba shi cikin Soshiyal, sai 2019 aka fara dawo da shi. Shekarun nan, abin da yaranmu suka samu na tarihin ƙasar Hausa bai wuce sakin layi ɗaya ba: Bayajidda ya zo Daura, ya kashe maciji a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka haifi Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Shi ke nan. Kuma a rubuta shi kamar rahoton da aka ɗauka da kyamara. Tun shekarun 1970 masana a Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, suka nuna cewa wannan labarin baka ne mai ɗauke da ma'ana, amma ba shi ne bayanin yadda birane suka kafu ba. Akwai ƙira da narka tama a gindin Dala, akwai noma, akwai fatauci, akwai ƙaura. Littafin kirki zai ce wa yaro: ga abin da kakanni suka faɗa, ga kuma abin da masu bincike suka gano.

Wata rana ina koyar da wannan babi, na rubuta Banza Bakwai a allo na jero su, Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari da sauransu. Akwai wata yarinya Banufiya a layin gaba, mai ƙoƙari ƙwarai. Na bayanta suka fara ƙus-ƙus suna maimaita kalmar. Ba ta ce komai ba, ta dai kifa kai a kan benci har aka buga ƙararrawa. Darasin da aka ƙirƙiro don ya haɗa kan 'yan ƙasa, ga shi na yi amfani da shi na kunyata yarinya a gaban tsararrakinta. Washegari na kwashe darasi guda ina ba su labarin masarautar Nupe, da aikin tagulla da gilashi na Bida. Tun daga ranar, duk littafin da aka kawo mini, wannan shafin nake fara buɗewa in ga yadda ya yi da kalmar.

Malama, ki duba kuma babin mata da shugabanci. In ya kawo Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, daidai ne, sun cancanta, yaranmu su san su. Amma ina Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rasu a 1864, wadda ta kafa 'Yan Taru, jajis ɗinta, wato malamai matan da ta horar, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata? Ina Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, da ta sha ɗauri kan 'yancin mata? Yarinya ta san cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan na Kudu sun daɗe suna yi, za ta riƙe katin zaɓenta da wata daraja daban.

Ɗan Bautar Ƙasa:
Da izinin manya. Ni a ganina duk wannan wahalar ta zo ƙarshe. Me zai hana a bar littafin takarda gaba ɗaya? Komai yana intanet, kuma kullum sabo ne. Ni da wayata nake shirya darasi, taswira, hotuna, bidiyo, duk kyauta. Sabuwar manhajar ma ai ta sa fasahar zamani cikin darussan dole.

Malam Na Ƙauye:
Ƙanena, Allah ya kai mu. Makarantarmu aji ɗaya yara 84, benci 19, babu wayar lantarki ko ɗaya da ta shigo harabar. Ni kaina sai na hau tudun bayan masallaci nake samun sabis in karanta saƙonnin nan. Yaro in ya koma gida, littafin nan shi ne kaɗai abin karatun boko da ke ɗakin. Wani ma uwarsa a ciki take ganin taswirar Nijeriya karon farko.

Amma ban ƙi taka gaba ɗaya ba. Waya ta malami ce, littafi na yaro. Da ambaliyar Maiduguri ta faru a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, hotuna uku na sauke na bi benci-benci ina nunawa, muka yi darasin ambaliya da su. Sai dai abin da ke intanet ma sai an tace. Na taɓa ɗauko yawan jama'ar Nijeriya a wurare uku na samu lamba uku.

Baba Mai Ritaya:
Wannan ma ma'auni ne. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, miliyan 140. Ta 2023 an ɗage ta. Duk wata lamba bayan wannan ƙiyasi ce, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haura miliyan 220. Littafin da ya ce miliyan 140 bai faɗi shekara ba ya yaudari yaro, wanda ya kawo ƙiyasi ya kira shi ƙidaya shi ma haka.

Ustaz Abu Sadiq:
Duk abin da kuka faɗa na gamsu, amma ba wanda ya taɓo tarbiyya. Ku tuna a 2023 gwamnatin Kano ta hana amfani da wasu littattafai shida a makarantu saboda abin da ke cikinsu, har da na ƙaramar sakandare. Iyaye da yawa sai a lokacin suka san abin da 'ya'yansu ke karantawa. Malama, ki karanta babin iyali da aure da balaga kalma da kalma, ki duba hotunan. Ni da za a bi tawa, littafin da ya shiga waɗannan batutuwa a ajiye shi kawai. Wannan aikin gida ne da Islamiyya.

Anti Mai Sibik:
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Rabin maganarka na ɗauka hannu bibbiyu: a karanta, a duba hotuna, abin da ya saɓa wa addini da kunyarmu a ƙi shi. Amma a ajiye batun baki ɗaya, a nan na rabu da kai. Makarantar 'yan mata nake koyarwa. Na sha samun yarinya 'yar aji 1 a bayan aji tana kuka, ta ga jini ba ta san ko mene ne ba, ta zaci ciwo ne, ba wanda ya taɓa yi mata bayani a gida. Babin shaye-shaye kuma, unguwarmu ba sai an faɗa maka ba, har 'yan mata sun shiga shan maganin tari. In littafi ya yi shiru, malama ta yi shiru, wayar ƙawa ba za ta yi shiru ba. Ai littattafanmu na fiƙihu ma da muka karanta a zaure sun yi bayanin haila da alamomin balaga, da ladabi suka yi. Abin dubawa shi ne yadda aka faɗa.

Ustaz Abu Sadiq:
Hajiya, a kan fiƙihu kin yi gaskiya, ba ni da ja. To a sa malamin addini na makarantar da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye su karanta babin tare da Malama kafin a amince. Kuma in an zo wurin, mace ta koyar da mata. Abin da nake gudu shi ne a shigo mana da abu ta bayan gida.

Anti Mai Sibik:
Wannan na yarda da shi.

Malam Na Ƙauye:
Akwai abin da ke damuna da ba a faɗa ba, jarrabawa. Mu ce na gyara wa yaro cewa ƙasashen ECOWAS 12 ne. Ya je ya sayi ɗan littafin tsofaffin tambayoyi, ya ga amsa 15. Ya dawo ya ce Malam wanne zan rubuta a BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare? Iyaye sakamako suke kallo, ba ruwansu da wanda ya fita daga wace ƙungiya.

Malamin Tarihi:
Ka koya masa da shekara, Malam. An kafa ta a Legas a 1975. Muritaniya ta fita a 2000, suka zama 15. Uku suka fita a 2025, suka zama 12. Yaron da ya riƙe haka, ta kowace fuska tambaya ta zo zai gane zamanin da take nufi. Haka nake yi da jihohi: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987 da aka ƙirƙiro Katsina da Akwa Ibom, 30 a 1991 da Jigawa da Kebbi da Yobe suka samu, 36 a 1996 da su Zamfara da Gombe. Na sa suka zana taswirorin biyar a kwali, muka liƙa a bango a jere. Wani ya je gida ya tambayi kakansa, ya dawo yana mamakin cewa tsohon ya zauna a Jihar Arewa, da jihar Kano, da jihar Jigawa, bai taɓa barin Haɗeja ba.

Kuma tunda an zo kayan koyarwa, kada a zaci sai an saya. Wanda ke Kano yana da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa. Na Katsina yana da Gobarau, na Kaduna yana da Gidan Arewa. Na ƙauye yana da mai unguwa da sarkin noma da ungozoma, a gayyato ɗaya ya zauna a aji minti 30 yara su yi masa tambayoyi. Tsofaffin takardun kuɗi, katin zaɓe, takardar haihuwa, rasit ɗin haraji, duk darasi ne. Abu ɗaya da zan ce makaranta ta saya ko da bashi shi ne taswirar bango mai kyau, ta Nijeriya da ta Afirka. Ita ma a duba Tafkin Chadi. Wasu har yau suna zana shi da girmansa na shekarun 1960, wajen murabba'in kilomita 25,000, alhali mafi yawansa ya janye.

Maman Ummi:
Ni dai tambayata ta ƙarshe, yaran suna iya karanta Turancin littafin? Ɗana na aji 1 in ya buɗe nasa sai ya yi ta bin layi da yatsa, in na ce me aka ce, sai ya yi shiru.

Baba Mai Ritaya:
Kin taɓo babbar jijiya, Maman Ummi. A 2022 an ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 aka soke aka ce Turanci. Ko wacce aka bi, yaron da ke zuwa mana aji 1 Turancinsa bai nuna ba. 'Yata, kada ki auna littafin da idonki, ke kin yi digiri. Ki samo yara uku, mai ƙoƙari da matsakaici da na baya, ki ba kowa sakin layi ɗaya ya karanta a bayyane, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya fahimta. Littafin da matsakaicin ya kasa fassarawa, ba na ajinki ba ne komai kyansa.

Malama Mai Soshiyal:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun kwana biyu, ga yadda aka yi.

Ran Lahadi na aika aka kira mini yara uku na unguwarmu masu shiga aji 1, kamar yadda Baba ya ce. Na ba su babin iyali a littafi na biyu da na uku. A na biyun, matsakaiciyar ta karanta jimla ɗaya mai layi huɗu, ta kai ƙarshe ta ɗago ta ce, Anti na manta farkon. A na ukun ta karanta ta ce, ana nufin gidan da kaka da kawu da 'ya'yansu suke zaune tare, irin gidanmu. Na bayan bai iya duka biyun ba, amma a na ukun ya tsaya kan hoton wata kasuwa ya ce wannan awon hatsi ake yi da tiya. Ya daɗe yana kallon shafin.

Na bi ma'aunan Baba. Na ukun ya ci ECOWAS da taken ƙasa da shekarun takara, ya faɗi a kan gidajen yari. Malamin Tarihi, Nana Asma'u tana ciki, layi uku, Gambo Sawaba babu. Kalmar nan ta Banza Bakwai kuma ya kawo ta, amma ya ce labarin baka ne. Malamin addininmu da wata uwa sun karanta babin balaga jiya da safe a ofis, hoto ɗaya kawai suka yi magana a kai, muka yarda za a tsallake shi.

Wakilin littafi na farko ya zo har sau biyu, na biyun da leda a hannu. Na buɗe masa shafin Kebbi na ajiye kusa da tsohon nawa mai jan biro. Ya tattara kayansa ya tafi.

Shugaban makaranta ya amince da na ukun ga 'yan aji 1 da 2, 'yan aji 3 su ƙarasa da na hannunsu. Ba za a rubuta komai a ciki ba, za a sanar a taron iyaye ranar Asabar. Makaranta za ta sayi kwafi 30 a ajiye a ofis don waɗanda iyayensu ba su da hali, a riƙa ba su aro da sa hannu. Kuɗin taswira ne bai samu ba, ya ce sai zango na biyu. Zan buga takarda ɗaya ta gyare-gyare da ƙari a liƙa a cikin bangon kowane littafi.

Malamin Tarihi, don Allah ka rubuto mini layi biyar a kan Gambo Sawaba da Turanci mai sauƙi in sa a takardar. Malamin Jibiya, kai kuma na ECOWAS.

Malamin Tarihi:
In sha Allahu kafin magariba. Ki bar mini wurin layi biyu na Bida.

Malam Na Ƙauye:
Malama, in kin gama takardar ki turo ta nan, amma a hoto, wayata ba ta buɗe fayil. Ran kasuwa zan shiga gari in yi hotokofi 84.